Mun yi addu'a kafin mu tashi, amma a bakin hanya muka kwana

"Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni matar aure ce, 'ya'yanmu biyu, babban bai cika shekara 10 ba. Watan jiya muka tashi da yamma za mu je duba mahaifiyar maigidana da ke kwance ba lafiya. Kafin mu fita mun riƙe hannu mun yi addu'a kamar yadda muka saba. Muna cikin tafiya sai allurar zafin inji ta haura zuwa ja. Na ce mu tsaya, maigidana ya ɗora hannu a kan sitiyari ya yi addu'a, ya ce Allah zai kai mu. Ba mu yi nisa ba motar ta tayar da tururi ta mutu. A nan muka kwana cikin duhu, yara na kuka, waya ba caji. Da asuba wani bawan Allah ya tsaya ya ja mu. An gyara motar, kuma wata mai zuwa za mu sake bin hanyar. Na ce a kai wa bakanike ya duba ta, mu kuma tashi da safe, sai ya ce ƙarancin bangaskiya ke damuna. Tun daga ranar nan ko addu'ar tafiya na fara sai in ji bakina ya yi nauyi. In Allah ya ji mu, me ya sa muka kwana a hanya? Kuma wannan tsoro nawa zunubi ne?"

Wata 'yar'uwa cikin Almasihu

'Yar'uwa, sannu, barka da arziki. Uwar da ta kwana rungume da 'ya'ya biyu a bakin hanya, ba fitila ba waya, tana jin kowace mota da ta wuce, ba za a ce mata ta manta da wannan dare cikin wata guda ba. Tsoron da kike ji ba zunubi ba ne. Jikinki ne ke tuna haɗarin da ya gani yana gargaɗinki. Zai zama matsala ne kawai in ya hana ki addu'a ko ya hana ki fita gaba ɗaya, kuma da yake ya fara taɓa addu'arki, bari mu fara daga nan.

Kin tambaya ko Allah ya ji ku. Ki buɗe Markus 4:35, za ki ga Yesu ne da bakinsa ya ce wa almajiransa su haye zuwa wancan ƙetare. Tafiyar da umarninsa aka yi ta, shi kansa yana cikin jirgin, amma hadari ya taso har ruwa ya fara cika jirgi. Bulus kuma, wanda ba mai cewa addu'arsa ba ta da ƙarfi, ya lissafta a 2 Korantiyawa 11:25-26 cewa sau uku jirgi ya fashe da shi, ya yi kwana da yini a cikin teku, ya sha haɗarin koguna da na 'yan fashi. Littafi Mai Tsarki bai taɓa yi mana alkawarin cewa wanda ya yi addu'a motarsa ba za ta lalace ba. Abin da Zabura 121 ta faɗa shi ne mai tsaronki ba ya gyangyaɗi ba ya barci, kuma zai kiyaye fitarki da shigarki. Ba zan ce miki na san dalilin da ya sa Allah ya bar ku cikin wannan duhu ba, wanda ya ce ya sani ya yi kasada da bakinsa. Amma ki lissafa da kanki: mota ba ta kwaɗe ku ba, ba wanda ya taɓa ku, yara sun wayi gari lafiya, baƙo ya tsaya. In kin ƙidaya abin da aka hana ku, ki ƙidaya wannan ma. Kuma in zuciyarki na da ƙorafi, ki kai masa shi yadda yake. Almajiran ma cewa suka yi, Malam, ba ka damu ba za mu hallaka? Ya tsauta musu, amma bai bar jirgin ba.

Ina so ki zauna ki karanta Ayyukan Manzanni sura 27 daga farko har ƙarshe, domin labarinku ne kusan sak. Bulus ya gargaɗi mutanen jirgi kada su tashi, lokacin tafiyar teku ya wuce. Jarumin sojan da ke tsare da shi ya fi jin maganar matuƙi da mai jirgin, suka tashi. Guguwa ta yi ta jifa da su har dare na 14. Mala'ika ya zo ya tabbatar wa Bulus ba ran da zai salwanta, sai dai jirgin. To, ki lura da abin da mutumin da ya riƙe alkawarin Allah a hannu ya yi. Da ya ga ma'aikatan jirgin na shirin sulalewa cikin ƙaramin kwalekwale, ya ce wa sojoji in waɗannan ba su zauna ba, ba za ku tsira ba. Da gari ya kusa wayewa ya matsa wa kowa ya ci abinci don su sami ƙarfi. Suka rage kayan jirgi, masu iyo suka yi iyo, sauran suka kama katakai. Mutum 276 suka fita da rai a tsibirin Malta, jirgin kuwa ya farfashe. Alkawarin Allah ya cika ta hannun ƙwararrun matuƙa, da abinci a ciki, da guntun katako. Kuma wani abu da zai yi miki amfani a gida: Bulus ya ce musu da kun ji maganata, amma sau ɗaya ya faɗa, nan take ya wuce zuwa ƙarfafa su.

Yanzu maigidanki. Kada mu yi masa rashin adalci, akwai inda maganarsa ke da tushe. A Ezra 8:21-23, Ezra zai jagoranci jama'a daga Babila zuwa Urushalima, da yara ƙanana da dukiyar Haikali, tafiyar da ta ɗauki wata huɗu. Ya ji kunyar roƙon sarki ya ba shi sojoji da mahayan dawakai, domin ya riga ya gaya wa sarki cewa hannun Allah na tare da masu nemansa. Sai ya sa aka yi azumi a bakin kogin Ahawa, suka roƙi Allah, ya kuma kai su lafiya. Amma shekara 13 bayan haka, a zamanin sarki ɗaya, Artashate, Nehemiya ya kama hanyar Urushalima, shi kuwa ya nemi wasiƙu zuwa ga masu mulkin yankunan da zai ratsa, ya karɓi rakiyar shugabannin soja da mahayan dawakai, ya kuma ce alherin Allah ne ya sa sarki ya ba shi abin da ya roƙa. Nassi bai zargi ko ɗayansu ba. Shi Ezran ma bai tashi da garaje ba: kwana uku ya yi a bakin kogi yana duba jama'a, da ya ga babu Lawiyawa ya aika aka zo da su, ya auna azurfa da zinariya ya danƙa wa amintattu kafin a ɗaga. Saboda haka mai son ya yi koyi da Ezra, ya yi koyi da wannan ma.

Inda zan saɓa da maigidanki kai tsaye shi ne daren nan. Allura ta hau ja, ya ci gaba da tuƙi da sunan bangaskiya. A Matiyu sura 4, Iblis ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya diro, har ya kawo masa aya daga Zabura 91 cewa mala'iku za su tallafe shi. Yesu ya amsa cewa a rubuce yake, kada ka gwada Ubangiji Allahnka. Dogara ga Allah ita ce ka yi abin da ke hannunka ka bar masa abin da ya fi ƙarfinka. Gwada shi kuwa ita ce ka ga haɗari da idonka, hanyar kaucewa a buɗe, ka shiga ka ce sai ya fitar da kai. Karin Magana 22:3 ta ce mai hankali kan hango masifa ya kauce, marar tunani kan kutsa ya sha wuya. Wa ya san ko wannan allurar ita ce amsar addu'ar da kuka yi a ƙofar gida?

Sai dai kada ki je masa da waɗannan ayoyi kamar mai shigar da ƙara. Ki yi tunanin halin da yake ciki a daren: mahaifiyarsa na kwance, zuciyarsa ta riga shi isa can, yana ganin tsayawa a wurin da ba kowa da iyali a mota shi ma haɗari ne. Ya yanke shawara cikin sakan kaɗan, ta ɓaci, a gaban matarsa da 'ya'yansa. Namiji da yawa in kunya ta kama shi, ya fi masa sauƙi ya ce matarsa ba ta da bangaskiya da ya ce na yi kuskure. Mai yiwuwa kuma gyaran da aka yi ya cinye abin da ke aljihunsa, yana tsoron bakanike ya sake yanko masa wani, ko kuwa wurin aiki ne ba ya barinsa tashi da safe. Ki nemi lokacin da ya ci ya huta, yara ba sa kusa. Ki fara da gode masa kan yadda ya tsaya a kanku har gari ya waye. Sannan ki faɗi naki ba tare da ɗora laifi ba: "Maigida, har yanzu daren nan na dawo mini. Zan fi samun natsuwa in an duba motar kuma muka tashi da safe. Me zai hana mu, kuɗi ne ko lokaci?" Tambayar ƙarshen nan ita ce mai buɗe ƙofa. In kuɗi ne, ku duba tare abin da za a rage. In lokaci ne, a matsar da tafiyar zuwa ranar da ba ya aiki.

Ga abin da za a duba, kuma ki sani tunda motar ta taɓa yin zafi har ta mutu, wannan dubawa ba ta ganin dama ba ce. Injin da aka ci gaba da tuƙawa cikin zafi yakan ƙona gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wani lokaci kan injin ya lanƙwashe, kuma in an sauya gaskit ba a gano abin da ya haddasa zafin ba, matsalar na nan tana jira. Bakanike ya faɗa muku dalilin farko: lagireto ne ke yoyo ko ya toshe, tiyo ne ya tsage, fanka ce ba ta juyawa, famfon ruwa ne ya gaji, ko fanbel ne ya saki. A kai motar kamar mako guda kafin tafiya, kada a bari sai ana gobe, domin a sami kwanakin da za a yi yawo da ita a ga ko ruwa na raguwa. Kowace safiya, kafin a tayar da inji, a duba ruwan. A zaro sandar gwajin baƙin mai a goge a mayar a sake zarowa: man ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. In ya koma kalar madara, ko farin hayaƙi mai kauri na fita ta salansa bayan inji ya ɗumama, ruwa na shiga inda bai kamata ba, motar ba ta isa doguwar tafiya ba.

Taya kuma a auna iskarta da sanyi, bisa adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba ko cikin littafin motar, har da safaya, wadda aka fi mantawa da ita sai ranar da ake nemanta. Zanen taya kada ya gaza milimita 1.6, kuma in akwai kumburi ko tsagewa a gefenta a sauya ta. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Wadda ta haura shekara 6 a riƙa sa mata ido, wadda ta kai 10 a rabu da ita ko da zanenta na da kyau, domin roba na tsufa. Sai birki da mansa, fitilu, waifa, da kan batir. A but a ajiye jak da sifanar taya da aka gwada aka ga suna aiki, alamar gargaɗi mai kusurwa uku, tocila, wayar jan wutar batir, igiyar jan mota, ruwa lita 5 na inji daban da na sha, da kayan taimakon gaggawa. Waya kowa ya cika tasa, a riƙe batirin caji na tafi-da-gidanka, kuma ki rubuta lambobi uku ko huɗu a takarda ki sa a jaka, domin waya in ta mutu da lambobin take mutuwa. Ku gaya wa mutum ɗaya a gida da ɗaya a can hanyar da za ku bi, lambar motarku, da lokacin da ya kamata ku isa.

Tashin safe da kika nema shi ya fi komai muhimmanci, kuma ba ya cin ko kwabo. Ku lissafa awannin tafiya ku ƙara biyu ko uku na abin da ba a zata ba, ku tabbata jimillar ta ƙare kafin faɗuwar rana. Motar da ta lalace da azahar tana samun bakanike da masu wucewa; irin wannan lalacewar da dare ita ce abin da kuka gani. Direba ya yi barci isasshe, ya tsaya kamar minti 15 bayan kowace awa biyu, a ƙara mai tun tanki na rabi, yara a baya kowa da bel.

In kuma duk da haka allura ta sake haurawa, ku yi shawara tun a gida cewa tsayawa za a yi, don kada a yi gardama a kan titi. A kashe na'urar sanyaya mota, a kunna fitilun gargaɗi, a gangara gefe nesa da kwana ko gangare, a kashe inji. A jira aƙalla minti 30. Kada kowa ya buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan ciki a matse yake kuma ya wuce zafin tafasa, yana iya fesowa ya sale fuska da hannu. Kada a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ƙarfe na iya tsagewa. Bayan ya huce a buɗe murfin a hankali da tsumma, a ƙara ruwa, a leƙa ƙasa a ga inda yake zuba. In jar fitilar baƙin mai ce ta kama, a kashe inji nan take. In ta batir ce, a duba fanbel, domin a motoci da yawa shi ne kuma ke juya famfon ruwa. A ajiye alamar gargaɗi taku 50 ko fiye a bayan mota. In motar na dab da titi mai gudu, ku fita ta ƙofar da ba ta kallon titi ku tsaya can nesa; in kuwa ta kauce sosai kuma wurin ne ba ku yarda da shi ba, ku zauna ciki ku kulle. Kada ku yi barci inji na aiki gilasai a rufe, hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji warinsa ba. Mai tsayawa taimako kuma, a yi masa magana gilashi a ɗan buɗe, a aika lambar motarsa ga wani kafin a bi shi, iyali kuma kada su rarrabu in ba dole ba.

Addu'ar fa? Kada ki jira sai bakinki ya daina nauyi. Ki yi ta da nauyin. Daren tafiya ku zauna da yara ku karanta Zabura 121, aya takwas ce kawai, ku roƙi abubuwa da sunansu: idon direba ya kasance a buɗe, hikimar sanin lokacin tsayawa, masu taimako na gari, lafiyar kakarsu. Ku sa bakanike ma a ciki. Yakubu 4:15 ya koya mana mu ce in Ubangiji ya yarda, wato muna roƙo ne, ba umarni muke ba shi ba. A tsakiyar matsala kuwa ba a bukatar doguwar addu'a. Bitrus da ya fara nutsewa cewa ya yi, Ubangiji, ka cece ni, Nehemiya kuma ya yi tasa a zuci tsakanin tambayar sarki da amsarsa. Mai tuƙi ya yi addu'a idonsa a kan titi, hannunsa na neman inda zai tsaya. Yaran ma suna da tambaya irin taki ko ba su furta ba. Ki ba su dama su faɗi abin da ya tsorata su, ki gaya musu gaskiya: mota ta lalace, Allah ya tsare mu, wannan karon Baba zai sa a duba ta. Kada su ji kin rage masa daraja a gabansu. Ke kuma in kika ga bayan wasu makonni barci na gagarar ki, ko gabanki na faɗuwa da zarar kin shiga mota, ki gaya wa likita ko mai ba da shawara da ya san aikinsa. Wannan ba ya rage komai daga bangaskiyarki.

In kin yi duk wannan ya tsaya a kan bakansa, kada ki mai da gidan filin daga, amma kada ki yi shiru. Ki nemi izininsa ku je wurin fasto ko wani dattijon ikkilisiya da yake jin maganarsa, ko kuma ɗan'uwansa da ya san mota, domin wani lokaci abin da namiji ya ƙi ji daga matarsa yakan karɓa daga bakin namiji ɗan'uwansa. Kina iya cewa ke za ki kai motar wurin bakanike, ko ki ɗauki nauyin dubawar in kina da hali. In ya amince da tashin safe amma ya ƙi duba mota, ko akasin haka, ki karɓi abin da ya bayar ki ci gaba da lallashi a kan sauran. In kuwa ya ƙi duka biyun, ki gaya masa cikin ladabi cewa ke da yara za ku bi motar haya mai tsari da rana ku same shi can, ko ku dakata zuwa wani zuwan. Ki kira surukarki da kanki ki gaishe ta da jiki, ki shaida mata ranar da za ta gan ku, don kada maganar ta isa gare ta da wata fuska daban.